Kafin Ka Dangwala "Eh" ko "A'a": Darasi Daga Ƙuri'un Gyaran Kundin Tsarin Mulki a Jahohin Amurka

 

An ce in yi magana kan ƙuri'ar raba gardama, wadda yawancinmu muka fi sani da referandom. Da aka faɗa mini, sai na ce a raina: in muka fara da namu na gida, kafin shayin farko ya tafasa an rabu gida biyu, kowa ya kama bayan gwaninsa. Don haka yau za mu yi nisa tukuna. Za mu je Amurka, inda jahohi suka yi irin wannan ƙuri'a sau dubbai, aka ga mai kyau, aka ga mummuna, kuma ba wanda ke da ɗan uwa a cikin rigimar balle ransa ya ɓaci. In mun gama kallon nasu, sai mu dawo gida da ido mai sanyi.

Bari in fara da gyara wani ruɗani. Idan muka ce "jaha" a nan, muna nufin Maradi ko Damagaram ko Tawa, inda gwamna daga Yamai ake naɗo shi, kuma kundin tsarin mulki ɗaya ne ga ƙasa baki ɗaya. A Amurka ba haka abin yake ba. Jahohi 50 ne, kowace da nata kundin, da majalisar dokokinta, da kotun ƙolinta, da gwamnan da jama'a suka zaɓa. A samansu akwai kundin tarayya wanda aka rubuta a 1787. Shi wannan na tarayya gyara shi da wuya ƙwarai: sau 27 kawai aka taɓa shi, kuma ba a kiran talakawa su jefa ƙuri'a a kai, majalisu ne ke yi. Amma kundin jaha, kusan kowane zaɓe sai an taɓa na wata. A jahohi 49, duk gyaran da za a yi sai an kai shi gaban masu zaɓe. Jahar Delaware kaɗai ce majalisa ke gyara nata ba tare da ta tambayi jama'a ba.

Hanyoyin kai gyara gaban jama'a biyu ne manya. Ta farko, majalisar jaha ta rubuta, ta amince, sannan ta miƙa wa masu zaɓe. Ta biyu, wadda ake da ita a jahohi kimanin 18, ita ce ƴan ƙasa da kansu su rubuta gyaran, su bi gida-gida da kasuwa-kasuwa suna tara sa hannun mutane. In adadin da doka ta sa ya cika, dole a ɗora tambayarsu kan takardar ƙuri'a, ko ƴan majalisa na so ko ba sa so. Jahar Oregon ce ta fara buɗe wannan ƙofa a 1902.

In ka ji haka sai ka ce ai dimokuraɗiyya ta kai maƙura, tunda alƙalami na hannun talaka. To, a yi hankali. Abin da nake so mu tafi da shi gida yau shi ne: ranar zaɓe rana ɗaya ce tak, kuma sau da yawa an riga an ci wasan kafin ta zo, ko kuma a ƙwace nasarar bayan ta wuce. Akwai tambayoyi huɗu da tarihin waɗannan jahohi ya koya mana mu riƙa yi.

Tambaya ta farko: wa ke jefa ƙuri'ar, wa kuma ke ƙirga ta?

Mu je jahar Alabama, a kudancin Amurka, ƙasar noman auduga. An haramta bauta a 1865, kuma a 1870 kundin tarayya ya hana a hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa. Baƙaƙen fata, tsofaffin bayi da ƴaƴansu, suka fara zaɓe, har wani lokaci suna haɗa kai da talakawan Turawa manoma a kan masu manyan gonaki. Wannan haɗin kai shi ya tsorata masu mulki. A 1901 suka kira taron rubuta sabon kundi. Wakilai 155, ba baƙar fata ko ɗaya, ba mace ko ɗaya. Shugaban taron, John Knox, bai ɓoye komai ba: a jawabinsa na buɗewa ya ce sun taru ne don su kafa fifikon farar fata a jahar ta hanyar doka.

Tunda ba su da damar rubuta "baƙar fata ba zai yi zaɓe ba", sai suka bi ta bayan gida. Suka sa lanho na zaɓe, dalar Amurka ɗaya da rabi a shekara, kuma in ka tsallake wasu shekaru sai ka biya su duka kafin a ba ka dama. Suka sa jarabawar karatu da sharaɗin mallakar dukiya, suka bar wa jami'in rajista ikon cewa wane ya ci, wane ya faɗi.

Sai aka kai kundin gaban jama'a a watan Nuwamban 1901. Sakamakon da aka bayyana: "eh" kusan 108,000, "a'a" kusan 82,000. Ina rinjayen ya fito? Daga gundumomin auduga inda baƙaƙen fata suka fi yawa nesa ba kusa ba. Wato a takarda, mutane sun yi tururuwa sun zaɓi a ƙwace musu ƙuri'arsu. Wa zai yarda da wannan? Masana tarihi sun daɗe da tabbatar da cewa cushe aka yi a akwatuna. Kafin wannan kundi, baƙaƙen fata sama da 180,000 ne suka cancanci zaɓe a Alabama. Shekara biyu bayansa, waɗanda ke cikin rajista ba su kai 5,000 ba. Talakawan Turawa ma da yawa lanhon ya kore su. Sai a 1965, bayan tattakin garin Selma da dukan da aka yi wa masu zanga-zanga a kan gada, aka yi dokar tarayya da ta maido da haƙƙin. Shekara 64 ke nan, daga ƙuri'ar yini ɗaya.

Kuma ku ga yadda dauɗar ke da wuyar wankuwa. Wannan kundi ya tattara iko a babban birnin jahar, har ƙaramin al'amari na gunduma, kamar yaƙi da sauro, sai an gyara kundi. Gyare-gyaren suka haura 900. Amma sakin layin da ya haramta aure tsakanin baƙi da fari ya zauna a ciki har shekarar 2000, ko da yake kotun ƙolin tarayya ta kashe irin wannan doka tun 1967. Ranar da aka tambayi jama'a a goge shi, kusan kashi 40 cikin 100 suka ce a bar shi. A 2004 aka nemi goge layin da ya raba makarantun yara bisa launin fata, gyaran ya faɗi da ratar da ba ta kai ƙuri'a 2,000 ba, don an tsorata mutane cewa in ya wuce alƙalai za su ƙara musu haraji. A 2012 ya sake faɗuwa. Sai a 2022 aka samu share waɗannan kalmomi. Abin da aka rubuta a kundi cikin ƴan watanni ya ci shekara 121 kafin a kankare shi.

Tambaya ta biyu: yaya aka tsara tambayar, kuma akwai abin da rinjaye bai isa ya taɓa ba?

Wani zai ce ai Alabama maguɗi ne, in an yi zaɓe na gaskiya shi ke nan. To mu je Kalifoniya, inda ba wanda ya cusa ƙuri'a. A 1963 majalisar jahar ta yi doka, wadda wani ɗan majalisa baƙar fata mai suna Byron Rumford ya kawo, ta hana mai gida ƙin sayarwa ko ba da haya ga mutum saboda launinsa. Ƙungiyar dillalan gidaje ta jahar ba ta ji daɗi ba. Ta tara sa hannu, ta kawo gyaran kundi mai lamba 14 a zaɓen 1964. Ku lura da wayon: a cikin gyaran ba a ambaci baƙi ko fari ba. Cewa aka yi gwamnati ba ta da ikon hana mai gida sayar da gidansa ko ba da shi haya ga wanda ya ga dama. Wa zai ƙi wannan? Ko ni aka tambaya haka a kan titi, "eh" zan ce. Gidana ne, ina ruwan gwamnati? Kashi 65 cikin 100 suka ce "eh".

Amma ma'anarsa a aikace ita ce: an mayar da wariya haƙƙi, an kuma ɗaure hannun majalisa har abada kada ta sake hana ta. Wasu ma'aurata baƙaƙen fata da aka hana haya suka kai ƙara. A 1966 kotun ƙolin Kalifoniya ta soke gyaran, a 1967 kotun ƙolin tarayya ta tabbatar, alƙalai biyar a kan huɗu. Hujjarsu: kundin tarayya ya ce kowa daidai yake a gaban doka, kuma jaha ba ta isa ta karya wannan ba, ko mutum nawa suka ɗaga hannu.

Abu biyu ke nan. Na ɗaya, mai rubuta tambaya ya riga ya ci rabin zaɓe. Na biyu, yawa ba ya mayar da zalunci gaskiya. In mutum goma a fada suka yi ƙuri'a a raba kuɗin aljihun na sha ɗaya, goma sun fi ɗaya, amma sunan abin sata. Shi ya sa kowane kundi na kirki ke da wasu abubuwa da aka kulle, da kuma kotu mai riƙe da makulli.

Tambaya ta uku: bayan an ce "eh", wa zai aiwatar?

Wannan labarin na kusa ne, kuma shi ya fi taɓa ni. A jahar Fulorida, tun ƙarni na 19 har zuwa 2018, duk wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi ya rasa ƙuri'arsa har ya mutu, sai fa in gwamna da ƴan kwamitinsa sun yi masa afuwa, mutum ɗaya-ɗaya. Daga 2011 ma sai ka jira shekara biyar zuwa bakwai bayan ka gama hukunci kafin ka ajiye takardar roƙo. A lokacin, mutane kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ne ke cikin wannan hali: sun fito gidan kaso, suna aiki, suna biyan haraji, amma ba su da baki a zaɓe.

Cikinsu akwai wani mai suna Desmond Meade. Ya sha ƙwaya, ya yi zaman kaso, ya kwana a titi. Daga baya ya shiryu, ya koma makaranta har ya gama karatun lauya. A 2016 matarsa ta tsaya takarar majalisar jaha, shi kuwa bai da ikon jefa mata ƙuri'a. Shi ya jagoranci ƙungiyar tsofaffin ƴan kaso da suka ce za su gyara kundin da kansu. Doka ta ce sai sun kawo sa hannu 766,200 da aka tantance. Suka kawo. Doka ta ce sai sun samu kashi 60 cikin 100. Ranar 6 ga Nuwamban 2018 suka samu sama da kashi 64, mutum fiye da miliyan biyar, daga manyan jam'iyyun ƙasar duka biyu. Gyaran ya ce duk wanda ya cika dukkan sharuɗɗan hukuncinsa ƙuri'arsa ta dawo, ban da masu laifin kisan kai da na fyaɗe da makamantansa. Aka yi murna, aka yi kuka.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A 2019 majalisar jahar ta yi doka, gwamna Ron DeSantis ya sa hannu, cewa "dukkan sharuɗɗan hukunci" ya haɗa da kuɗi: tara, kuɗin kotu, da diyya. Sai ka biya har sisin ƙarshe. Dubban ɗaruruwan mutane ana bin su irin wannan bashi, galibi talakawa ne. Abin takaici, jahar ba ta da wani rumbu guda da mutum zai duba ya san nawa ake bin sa. Wani alƙalin tarayya ya soke sharaɗin a watan Mayun 2020, amma kotun ɗaukaka ƙara ta maido da shi a watan Satumba, ana saura ƴan makonni zaɓen shugaban ƙasa.

Don mu yi adalci: ƴan majalisar ba daga sama suka ɗauko hujjarsu ba. A 2017, lokacin da kotun ƙolin jahar ke duba kalmomin gyaran, an tambayi lauyan masu gyaran ko wannan jimla ta haɗa da tara, ya amsa da eh. Kun ga, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kalma uku da ba a fayyace ba suka rage nasarar mutum miliyan biyar. Su Meade ba su watse ba, suka koma tara gudummawa suna biya wa mutane bashin kotu, suna bin alƙalai gunduma-gunduma a sassauta. Aikin da suka zaci ya ƙare ranar zaɓe, ranar ya fara.

Tambaya ta huɗu: kashi nawa ake bukata, kuma wa ya yanka wannan ƙa'ida?

A yawancin jahohi rabi da ɗoriya ya isa. Fulorida ta ɗaga nata zuwa kashi 60 a 2006, kuma abin dariya, gyaran da ya kawo wannan sharaɗi shi kansa bai kai kashi 58 ba. A Nebada, gyaran da jama'a suka kawo sai ya ci zaɓe sau biyu a jere, shekara biyu tsakani, don a ba zuciya lokaci ta huce. A Ohayo kuwa, a 2023, majalisa ta ga wata tambaya mai zafi kan zubar da ciki na tafe a watan Nuwamba, sai ta yi sauri ta kira ƙuri'a ta musamman ranar 8 ga Agusta, lokacin hutu, don a ɗaga sharaɗin zuwa kashi 60 kafin waccan ta iso. Jama'a suka fito, kashi 57 suka ce a'a. Ba ina cewa tsaurara gyaran kundi laifi ba ne. Kundi ba rigar sawa ba ce da za a canza kullum, ya kamata taɓa shi ya yi wuya. Amma duk wanda ya zo canza ƙa'idar wasa ana tsakiyar wasa, a tambaye shi abin da ya hango.

Kada ku ce na zo ne in kashe muku gwiwa. Wannan ƙofa da aka shigo da zalunci ta cikinta, ta nan ne kuma aka shigo da alheri mai yawa. Ga misali biyu.

A Oregon, an tambayi maza, don su kaɗai ke zaɓe, ko a ba mata ƙuri'a. A 1884 suka ce a'a. A 1900 a'a. A 1906, 1908 da 1910, a'a. Sau biyar. Matar da ta ja wannan gwagwarmaya, Abigail Scott Duniway, ta kafa jarida tun 1871 don wannan magana. Babban mai adawa da ita kuwa ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, editan babbar jaridar jahar. A 1912, karo na shida, "eh" ya yi rinjaye da ƙyar. Tana da shekara 78. Gwamna ya ce ita za ta rubuta sanarwar da hannunta. Shekara takwas bayan nan, a 1920, kundin tarayya ya ba dukkan matan ƙasar ƙuri'a, bayan jahohi da dama sun riga sun share hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Misali na biyu naku ne, ku masu salula a hannu. A Mishigan, kamar yawancin jahohi, ƴan majalisa ne ke zana iyakokin mazaɓu duk shekara goma. Jam'iyyar da ke da rinjaye sai ta zana taswira yadda za ta ci gaba da cin kujeru ko da ƙuri'unta sun ragu. Wato maimakon jama'a su zaɓi ɗan majalisa, ɗan majalisa ke zaɓar jama'arsa. Bayan zaɓen 2016, wata matashiya mai shekara 27, Katie Fahey, wadda ba ƴar siyasa ba ce, ta rubuta ƴan layuka a Facebook: tana so ta yaƙi wannan abu, wa zai taya ta? Mutane suka amsa.

Amma ku ji abin da suka yi bayan amsawar, don nan darasin yake. Ba su tsaya kan dangwala alamar so da turawa gaba ba. Suka bi gari-gari suna taro, suna tambayar mutane yadda suke so a yi, sannan suka zauna da masana doka aka rubuta gyaran. Ana bukatar sa hannu sama da 315,000 cikin kwana 180. Ƴan sa kai, ba wanda aka biya, suka tara sama da 425,000 daga dukkan gundumomi 83 na jahar. Aka kai su kotu don a hana tambayar hawa takardar ƙuri'a, suka yi nasara a kotun ƙolin jaha, alƙalai huɗu a kan uku. A watan Nuwamban 2018, kashi 61 suka ce "eh". Yanzu kwamitin talakawa 13 ke zana taswirar: huɗu daga wannan jam'iyya, huɗu daga waccan, biyar marasa jam'iyya. Shi ma kwamitin ba mala'iku ba ne, a 2023 kotu ta sa ya sake zana wasu mazaɓu na birnin Detroit. Amma alƙalamin ya bar hannun masu cin moriyarsa.

To, mu dawo gida.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. An kira mu referandom kan kundin tsarin mulki a 1989, 1992, 1996, 1999, 2009 da 2010. Ku lura da bambanci biyu. A jahohin da muka zaga, galibi aya ɗaya ake tambaya a kai, ka karanta ta, ka yanke. Mu kuwa kundi sukutum ake ɗora mana, aya sama da ɗari, da Faransanci, a ce "eh" ko "a'a". Sannan a can "a'a" na yin nasara sau da yawa. A nan, a duk waɗannan shida, "eh" ne ya ci, kuma da rata mai faɗi.

Da yawanku kuna yara a 2009, lokacin tazarce. Kundin 1999 ya ce wa'adi biyu ne ga shugaban ƙasa, kuma ya kulle wannan aya kada a taɓa ta. Kotun tsarin mulki ta ce referandom ɗin bai halatta ba. Aka rusa majalisar dokoki a watan Mayu, aka rusa kotun a watan Yuni, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, ƴan adawa suka ƙaurace, aka bayyana "eh" da sama da kashi 92. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka karɓe mulki. Ba na kawo wannan don in tayar da tsohon miki ba, kowa na da ra'ayinsa kan mutanen lokacin. Na kawo shi ne don ku ɗora tambayoyinmu huɗu a kansa da kanku, ku ga ko ba su yi daidai da shi ba.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Duk ranar da aka sake kiran mu irin wannan ƙuri'a, ko yaushe ne, ko wa ya kira, kada ku fara da tambayar "wa ke goyon baya?" Ku fara da neman takardar. Ku karanta ta aya-aya. Wanda ya iya Faransanci a fadarku ya fassara wa sauran, da Hausa, da Zabarmanci, da duk harshen da ake ji, har tsohuwarku a gida ta san abin da za ta dangwala wa. Ku tambaya wa ya rubuta, kuma da wa aka yi shawara. Ku duba wace kalma ce aka bari a buɗe. Ku duba me aka kulle, kuma makullin na hannun wa. Ku tabbata sunanku na cikin rajista, ku tsaya a rumfar zaɓe har a ƙirga a gabanku. In an gama, kada ku naɗe tabarma: ku bi dokokin da za a yi don aiwatarwa, don a can ne aka yi wa mutanen Fulorida ƙafar ungulu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba karanta doka yau ba, ba ranar referandom zai koya ba. Ku fara da abin da ke kusa: dokokin ƙungiyarku, na kwamitin unguwa, na asusun da kuke zubi. Wa ke da ikon canza su? Da mutum nawa? An rubuta, ko a baki ne kawai?

 Na san akwai waɗanda ba su yarda da wasu maganganuna ba, kuma haka ake so. Fili naku ne yanzu, a yi tambaya, a yi gyara. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka.